Laifi ɗaya, kotu biyu: abin da ya raba shari'ar yaro da ta babba a Nijar

Wata Lahadi cikin zafin watan Mayu na 2023, ranar da kasuwar Tawa ke cika ta batse, aka kama samari biyu na unguwarmu da salular wani ɗan kabu-kabu. Tare suka tashi, fada ɗaya suke shan shayi, in ka gan su tsaye ma ƙaramin ya fi babban tsawo. Bayan isha'i uwar ƙaramin ta yi sallama ƙofar gidana, don ni ke karanta wa maƙwabta takardun Faransanci.

"Malam, an ce jibi za a kai su jastis. Ubansa na Abijan, ni ko ban san inda ake bi ba."

Na ce, "Yaya, ina takardar haihuwarsa?"

Ta yi shiru, sannan ta ce a gida ta haife shi, cikin azumi, shekarar yunwar nan da ta biyo bayan fara, lokacin da ake rabon abinci. Yunwar 2005 ke nan, azumin shekarar kuwa cikin Oktoba ya kama. Na ƙirga da yatsu: saura wata biyar ya cika 18. Shi kuwa da aka tambaye shi shekarunsa, don kada a raina shi gaban abokinsa, sai ya ce 18. Muka zazzage akwatinta a kan tabarma da hasken tocila. A ƙasan zannuwa, cikin wata leda, muka tarar da takardar kotu da aka yi masa lokacin da za a sa shi makaranta, ta naɗe har ta fara yagewa a tsakiya.

Babban, mai shekara 19, ba a yi sati uku ba aka yanke masa hukunci a zauren da kowa ke iya shiga, ya tafi gidan kaso. Ƙaramin ya ɗauki watanni yana kai da komo gaban alƙalin yara, daga ƙarshe aka danƙa shi hannun kawunsa, aka sa shi koyon walda, dangi suka haɗa kuɗi suka biya mai salula abin da ya lalace. Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce an yi hanya, wasu suka ce kuɗin Abijan ne ya yi aiki. Ni da na bi maganar tun daga tabarmar nan na san ba a ba kowa ko dala ba, doka ce ta raba su. Ita nake so in warware a nan, don yawancin iyaye ba su san da ita ba sai ranar da ɗansu ya kwana a komisariya.

Dokar laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 aka kuma yi mata babban gyara a 2003, ta kasa mutane kashi uku ta fuskar shekaru. Wanda bai kai 13 ba, ba ya ɗaukar alhakin laifi ko kaɗan. Ko mene ne ya aikata ba a yanke masa hukuncin ɗauri, sai dai a ɗauki matakin kare shi da gyara tarbiyyarsa. Wanda ya cika 18 babba ne, kotun kowa da kowa ce tasa. Tsakanin 13 da 18 ne ake samun wata tambaya da ba a yi wa babba mai cikakken hankali: shin lokacin da ya aikata, ya gane abin da yake yi da abin da zai biyo baya? In alƙali ya ga bai gane ba, ba a hukunta shi, amma ana iya sa shi ƙarƙashin kulawa. In ya ga ya gane, ana iya hukunta shi, sai dai da sassauci da doka ta wajabta. Kuma shekarun da ake dubawa su ne na ranar da aka aikata laifin. Yaron da ya yi sata yana da 17, ko da shari'arsa ta ja har ya kai 19, kotun yara ce za ta saurare shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da yake ma'aunin ya bambanta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, ɗaya daga ciki shi ne yaro har sai ya balaga. Fiƙihu yana duba alamun jiki, in ba su bayyana ba, mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne shekara 18, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma 15. Dokar ƙasa ba ruwanta da gemu ko murya, ranar haihuwa kaɗai take dubawa. Daga nan saɓanin fahimta ke tasowa. Sai ka ji dattijo na cewa, "Wannan ƙaton da ke cika azumi, ya je Libiya ya dawo, shi ne yaro?" A idon unguwa ya girma. A idon kotu, in takarda ta ce 16, to 16 ɗin ne. Ba kuma kowace ƙasa ce ta tsaya a 13 ba: a Ingila tun daga shekara 10 ake tuhumar yaro, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara kuwa a 2019 ya nemi ƙasashe kada su sauka ƙasa da 14.

Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne hanyar da takardun ƙara ke bi. Babba in an kama shi, ƴan sanda ko jandarma na iya tsare shi awa 48 don bincike, a ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Daga nan sai a miƙa shi gaban mai gabatar da ƙarar. In laifin matsakaici ne kuma an kama shi da kaya a hannu, akwai gajeriyar hanya da ma'aikatan shari'a ke kira «flagrant délit»: a tura shi kaso, cikin ƴan kwanaki a fito da shi zaman kotu, a karanta tuhuma, ya amsa ko ya musa, a ji shaidu, a yanke. Ita aka bi da babban nan na unguwarmu. Abin da kotu ke nema a wurinsa ƙididdigagge ne: ya aikata ko bai aikata ba, wace aya ce ta hau kansa, ya taɓa yi a baya ko wannan ne na fari.

Yaro ba a bi da shi ta wannan gajeriyar hanya. Takardunsa sai sun je hannun alƙalin yara, shi kuma sai ya yi bincike biyu. Na farko a kan laifin, kamar kowa. Na biyu a kan yaron kansa, kuma nan ne zuciyar al'amarin take. Ana tura ma'aikacin jin daɗin jama'a ya je gidan, ya ga inda yaron ke kwana, wa ke ci da shi, yana makaranta ko ya bari, yaushe ya bari, da wa yake yawo, yana shan tramol ko ba ya sha. In akwai bukata a sa likita ya duba lafiyarsa da hankalinsa. Na ga ranar da ma'aikaciyar ta zo gidan maƙwabciyata. Ta zauna kan kujerar tsuguno kusa da murhu, littafi a kan cinya, tana tambaya a hankali: yaushe rabon uban da gida, nawa yake aikowa, wa ke tsawata wa yaron in ya yi dare. Uwar ta fara da ɓoye-ɓoye don kunya, daga baya ta faɗi gaskiya, shekara huɗu uban bai zo ba, yaron kuma tun da ya faɗi jarrabawa babu wanda ya tambaye shi me zai yi da ransa. Duk wannan ya shiga takarda, ya je gaban alƙali. A Adar, inda gidaje da yawa mazansu ke bakin teku ko Libiya neman kuɗi, irin wannan binciken kan tono abin da kowa ya sani amma ba a faɗa.

Shi ya sa shari'ar yaro kan fi ta babba jinkiri, ko da laifin ɗaya ne. In tare suka aikata, kowa kotunsa daban a ƙarshe. Kuma alƙalin yara ba mai hukunci kaɗai ba ne. Doka ta ba shi hula ta biyu, ta kare yaron da ke cikin haɗari ko da bai yi laifin komai ba: wanda aka yasar, wanda ake azabtarwa, wanda ke kwana a tasha. Sau da yawa yaron da ya zo gabansa yau a matsayin wanda ake tuhuma, da an kawo shi bara, a matsayin wanda za a ceta zai zo.

Sai batun wanda zai tsaya wa yaro. Babba a matsakaicin laifi yana iya tsayawa shi kaɗai ya kare kansa, in yana da hali ya ɗauki lauya. Yaro dole ne a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa, kuma dole ne ya sami mai kare shi. In iyaye ba su ɗauka ba, sai a naɗa masa. Dokar da ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, a Disambar 2011, ta sa yaran da ake tuhuma cikin waɗanda ake ba wannan taimako ba tare da an tambayi abin da iyayensu suka mallaka ba. Matsalar ita ce kusan duk lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Shi ya sa a jihohi ake dogaro da masu kariya da kotu ke naɗawa, mutanen da ba lauyoyi ba ne amma an ba su horo. Wasunsu na yin aikin da zuciya ɗaya, sai dai mutum ɗaya da tarin takardu ba zai yi abin da uwa ko kawu zai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayen da ke cewa, "Ya ja mana abin kunya, ya je can ya ƙarata." Alƙalin da ke son mayar da yaro gida, in ya duba bai ga kowa a bayansa ba, hannun wa zai danƙa shi? Da yawa daga yaran da ke kwana a kaso, rashin wanda zai zo ya ce "yarona ne" ya kai su, ba girman laifin ba.

Zaman kotun ma ba iri ɗaya ba ne. Shari'ar babba a bainar jama'a ake yin ta, kuma hakan kariya ce gare shi: idon mutane na hana a yi masa rufa-rufa. Ta yaro a rufe take. Daga shi sai iyayensa, mai kare shi, shaidu, wanda aka cuta da ma'aikatan da ke bin lamarinsa. Ba a yarda a buga sunansa ko hotonsa ba. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san garuruwanmu: sunan da aka laƙa wa mutum yana ɗan 15 shi zai bi shi har ranar da za a je nema masa aure. To amma me rufe ƙofar kotu zai amfana, in tun a kasuwa an ɗaure yaron da igiya, an rataya masa abin da ya sata a wuya, mutum goma sun ɗauke shi bidiyo, kafin magariba ya zagaye WhatsApp da TikTok? Masu yin haka suna jin kamar sun yi aikin lada. Ni ina ganin sun yanke masa hukuncin da ya fi na alƙali tsawo, tun kafin a tabbatar ya aikata.

Yanzu hukuncin kansa, inda mutane suka fi yin ƙorafi cewa "ba a hukunta yara". Ana hukunta su. Aya ta 47 ta dokar laifukan da na ambata ta tsara ragin dalla-dalla ga yaron da aka tabbatar ya san abin da yake yi. Laifin da zai ja wa babba kisa ko ɗaurin rai da rai, yaro shekara 10 zuwa 30 ne. Wanda zai ja wa babba shekara 10 zuwa 30, yaro daga 2 ne zuwa ƙasa da 10. A matsakaita da ƙananan laifuka kuwa, rabin abin da zai hau kan babba. Shekara 30 ga ɗan 16 ba wasa ba ne. Abin da aka haramta ƙwarai shi ne kisa, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta hana shi a ayarta ta 37, ta kuma ce ɗaure yaro ya zama matakin ƙarshe, na mafi gajeren lokaci.

Kafin a kai ga ɗauri, alƙalin yara na da abubuwa a hannunsa da alƙalin manya ba shi da irinsu. Yana iya yi wa yaro faɗa ya gargaɗe shi a gaban iyayensa. Yana iya mayar da shi gida, ko hannun wani amintacce cikin dangi, da sharaɗin ma'aikaci ya riƙa bibiyarsa. Yana iya sa shi a cibiyar tarbiyya ko ta koyon sana'a. Akwai kuma aikin amfanin jama'a maimakon kaso, wanda dokar 2017 ta ƙara tabbatarwa. Wanda aka cuta kuwa ba a barin sa hannu rabbana: yana da damar neman diyya, kuma dokar farar hula ta ɗora wa iyaye biyan ɓarnar ɗansu ƙarami da ke zaune tare da su. Nan ma fiƙihu ya riga ya faɗa, yaro ba a yi masa haddi amma abin da ya ɓata sai an biya.

Tsarin nan yana da asali. Kotun yara ta farko a duniya a Cikago ta Amurka aka buɗe ta a 1899. Faransa ta kafa nata a 1912, sannan dokar 2 ga Fabrairu 1945, bayan yaƙi ya bar dubban yara a titi, ta ƙirƙiro alƙalin yara ta kuma fifita tarbiyya a kan horo. Daga wannan reshen namu ya tsiro. Nijar ta kafa kotunan yara da dokar 14 ga Mayu 1999, ta sabunta su da doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014, ranar da yarjejeniyar haƙƙin yara ta cika shekara 25.

Amma tarihin ya zo da gargaɗi. Kotun da ke cewa "taimakonka nake yi" tana iya sakaci da haƙƙin wanda take taimako. A jihar Arizona ta Amurka a 1964, an zargi wani ɗan shekara 15 mai suna Gerald Gault da buga wa wata maƙwabciya waya da kalaman batsa. Babu lauya, matar ba ta zo kotu ba, aka tura shi gidan gyaran hali har sai ya kai 21, wato shekara shida. Da babba ne ya yi, iyakarsa tarar dalar Amurka 50 ko wata biyu a kaso. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta ce yaro ma yana da haƙƙin sanin tuhumar da ake masa, da lauya, da yi wa shaidu tambaya, da yin shiru. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ji an ce wa yaro, "Faɗi gaskiya kawai, ba abin da za a yi maka." Yaro ya fi babba saurin amsa abin da bai yi ba don a ƙyale shi ya tafi gida. Sassaucin kotun yara ba ya cire wajibcin a tabbatar da laifi da hujja, kuma hukuncinta ana ɗaukaka ƙara a kansa kamar kowane. Mu a nan Tawa ma yanzu da kotun ɗaukaka ƙara a gari, ba sai an yi doguwar tafiya zuwa Yamai ba.

Akwai ƙorafin da na yarda yana da tushe. Manyan ɓarayi da dillalan ƙwaya sun san wannan doka fiye da iyaye, shi ya sa suke tura yara gaba, su ɗauko, su kai, su tsaya gadi. Wasu na ganin maganin shi ne a tsananta wa yaran. Ni a ganina in aka ɗaure ɗan aike shekara biyar, wanda ya aike shi gobe zai sami wani a bakin tasha, kuma binciken alƙalin yara, in an yi shi da gaske, shi ne hanyar da ta fi kusa ta kai ga mai aiken.

Inda doka da zahiri suka fi nisa da juna shi ne tsarewa kafin shari'a. Ga babba, a laifukan yau da kullum, doka ta sa iyakar wata 12 a matsakaici da wata 30 a babban laifi. Na yaro an so ya fi haka gajarta nesa, kuma a ware shi daga manya. Gidan kason Yamai da na wasu manyan garuruwa suna da ɓangaren yara, akwai kuma cibiyar Dakoro a jihar Maraɗi da aka tanada don mayar da su cikin al'umma. Sai dai cunkoso ya yi yawa, wuraren koyon sana'a sun yi kaɗan, ƴan mata kuma galibi tare da manyan mata ake ajiye su. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, alƙalan yara da ma'aikatan jin daɗin jama'a ba su kai yadda aikin ke nema ba. Yaron da ya shiga saboda akuya, in ya yi wata takwas ɗaki ɗaya da masu fashi, zai fito da ilimin da bai shiga da shi ba.

Duk waɗannan kariya kuwa a kan abu ɗaya suka rataya, wato a tabbatar yaron bai kai 18 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 ne na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa, a ƙauyuka abin ya fi haka ƙasa. In babu takarda, sai a koma ga abin da yaron ya faɗa, ko ƙiyasin likita, ko duban ido, kuma duban ido ba ya yi wa dogon yaro adalci. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, kyauta, a asibiti ko wurin magajin gari ko cibiyar da aka naɗa a ƙauye. In lokacin ya wuce, sai ta hanyar kotu da shaidu. A da irin waɗannan takardu kan ce «né vers», wato an haife shi wajen shekara kaza, yanzu kuma sau da yawa in ba a san ranar ba sai a rubuta 1 ga Janairu.

Bayan an sallami ɗanta, maƙwabciyata ta tafi ta yi wa ƙannensa uku takarda, ta kawo mini in karanta mata. Biyu daga ciki an rubuta musu 1 ga Janairu. Na tambaye ta yaushe ta haifi na tsakiyan, ta ce da kaka, ana cikin yankan gero. Ke nan a takarda zai cika 18 wata tara kafin ya cika a gaskiya. Na ce ta nemo katin awon cikinsa ko na rigakafi, in yana nan, mu koma da shi a gyara tun yana ɗan shekara 11.